Marigayi Dokta Mamman Shata da Garinmu Funtuwa

'Yan'uwa mazauna Kaduna, Kano, Abuja da Ikko, bana mun ga ya dace mu waiwayi rayuwar mutumin da ya kai sunan Funtuwa inda ƙafafunmu ba su taɓa takawa ba, wato Alhaji Dokta Mamman Shata.

An haife shi a Musawa a 1923. Mahaifinsa, Malam Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a wancan zamani ana ɗaukar waƙa da kiɗa a matsayin roƙo. Saboda haka Shata ya fara da tallar goro da alewa, yana waƙa a dandali don nishaɗi kawai. Daga Musawa ya koma Bakori, inda muryarsa da kalangunsa suka fara tara jama'a, kafin daga bisani ya kafa gida a Funtuwa.

Ba banza ya zaɓi garin nan ba. A kusa da Funtuwa ne Gulbin Sakkwato ya samo tushe, kafin ya miƙe yamma har ya faɗa Kwara. Ruwa da ƙasa mai albarka suka kawo auduga, auduga ta jawo injin gurza na kamfanin BCGA, wanda unguwar Bisije ta gaji sunansa. Layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya ratsa garin, ga kuma hanyoyin mota da suka haɗu a nan. Manoma, 'yan kasuwa da direbobin da wannan harka ta tara su ne masu sauraronsa na kullum, da yawansu kuma ya wasa su. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa noma, ya ƙarfafa wa sojoji gwiwa lokacin yaƙin basasa, ya kuma bar mana Bakandamiya.

A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dokta, gwamnatin tarayya kuma ta karrama shi da lambar MON. Ya rasu a asibiti a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka yi masa sutura a Daura, garin ubangidansa, Sarki Muhammadu Bashar.

Abin da ke damunmu shi ne, 'ya'yanmu da aka haifa a birane suna jin muryarsa a waya, amma ba su san Bisije, tashar jirgi ko madatsar Mairuwa ba. Dattawan da suka zauna da shi kuwa suna ta ƙarewa. Muna roƙon ƙungiya ta tattara faifai da kaset-kaset ɗinsa wuri guda, ta naɗi bayanan waɗannan dattawa tun suna raye. Ku kuma, idan kun zo hutun Sallah, ku zaga da yaranku waɗannan wurare.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.