August Wöhler: Bajamushen da ya nuna cewa ƙarfe ma yana gajiya

Duk wanda ya taɓa hawa tsohuwar lorin Bedford, wadda mutanen Sudan ke kira Sifinja, daga Mai Wurno zuwa kasuwar Sennar ko Wad Madani, ya san cewa ransa da buhunan dawarsa suna rataye ne a kan ƙarafa kaɗan da ke riƙe da ƙafafun motar. Ana yawan jin labarin motar da ta yi shekaru tana ɗaukar kaya lafiya, rana ɗaya ƙafarta ta fice a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, ba rami ba karo. Mutumin da ya yi fice wajen bayyana dalilin haka ta hanyar gwaji injiniyan jirgin ƙasa ne, sunansa August Wöhler.

An haifi Wöhler ranar 22 ga Yunin 1819 a garin Soltau da ke arewacin Jamus, mahaifinsa malamin makaranta ne. Tun yana yaro ya yi fice a lissafi, abin da ya kai shi makarantar koyon fasaha ta birnin Hanover. A 1840 ya kama aiki a masana'antar Borsig da ke Berlin, inda ake ƙera kan jirgin ƙasa. A 1843 ya je Beljiyam ya koyi tuƙin jirgi, ya dawo ya riƙa tuƙi da kansa. A 1847 aka ba shi shugabancin kula da kawunan jirage da taragai na wani layin dogo a birnin Frankfurt na bakin kogin Oder, inda ya yi fiye da shekara 20.

A wancan zamani karyewar aksil, wato sandar ƙarfen da ƙafafu biyu ke maƙale a jikinta, ta zame wa Turai annoba. Ranar 8 ga Mayun 1842 aksil ɗin wani kan jirgi da ya taso daga Versailles zuwa Paris ya karye a Meudon, taragai suka hau juna, wuta ta tashi, mutane aƙalla 55 suka mutu. Abin da ya ɗaure wa injiniyoyi kai shi ne, ƙarafan suna karyewa ne ƙarƙashin nauyin da bai kai wanda aka auna za su iya ɗauka ba. A 1852 gwamnatin Prussia ta ɗora wa Wöhler alhakin binciko dalili.

Ya fara da auna irin lanƙwasar da aksil ke yi lokacin da jirgi ke cikin tafiya da kaya. Daga nan ya ƙera injunan da ke juya sandar ƙarfe ba tsayawa, an rataya mata nauyi a baki, ana ƙirga zagayen da take yi kafin ta karye. Dabarar ta yi daidai da abin da ke faruwa a hanya. Idan aksil na juyawa ƙarƙashin kaya, gefe ɗaya yana miƙewa, ɗaya gefen yana matsewa, rabin zagaye kuma su yi musanya. Ƙafar da faɗinta ya kai mita ɗaya tana zagayawa fiye da sau 300 a kowace kilomita, ke nan tafiyar kilomita 3,000 ta kusa kai ta zagaye miliyan ɗaya. Kamar yaron da ke lanƙwasa waya gaba da baya ne har ta tsinke a hannunsa, sai dai a nan lanƙwasar ba ta ganuwa.

Tsakanin 1858 da 1870 ya wallafa sakamakon aikinsa, an kuma baje shi a babban bajekolin Paris na 1867. Ya nuna cewa maimaita nauyi yana karya ƙarfe ko da nauyin bai kai na karyawa a karo guda ba, kuma tazarar da ke tsakanin mafi girman danniya da mafi ƙanƙanta ita ce ke yin ɓarnar. Ya nuna cewa idan aka rage danniyar zuwa wani mizani, ƙarfe yana jure miliyoyin zagaye. Ya kuma lura cewa wurin da kaurin sanda ya canja farat ɗaya, da kusurwa mai kaifi, nan ne rauni yake, irin wurin da cibiyar ƙafa ke zama a kan aksil. Tsagar tana farawa siririya kamar gashi, tana ci a hankali, har ragowar ƙarfen ya kasa, ya ɓalle lokaci guda. Zanen da ɗaliban injiniya ke koyo a yau, wanda ke nuna danniya da yawan zagaye, da sunansa ake kiransa a Faransanci da Jamusanci.

Daga 1874 ya shiga hukumar jiragen ƙasa da ke Strasbourg, har ya yi ritaya a 1889. Ya rasu a Hanover ranar 21 ga Maris 1914, yana da shekara 94, a lokacin da mota ta fara cika titunan Turai.

Mota ta gaji wannan matsala, musamman motocin tsere da ake rage wa nauyi don su yi gudu. Ranar 5 ga Satumban 1970 direba Jochen Rindt ya mutu a filin Monza na Italiya cikin mota ƙirar Lotus, kuma an danganta haɗarin da karyewar sandar birkin gaba. Jirgin ƙasa ma bai tsira ba. Ranar 3 ga Yunin 1998 wata tsaga ta gajiya a ƙafar jirgi mai gudu ta jawo mutuwar mutum 101 a Eschede, a jihar da aka haifi Wöhler.

Shi ya sa masu adana tsofaffin motocin tsere ba sa yarda da kyan fenti. Sukan cire ƙafa, su zare cibiyarta, su wanke giris, su duba mazaunin boris da gindin sandar. Wasu sukan fesa jan ruwa mai shiga tsaga, su goge, su fesa farar hoda, sai jan layi ya fito inda ƙarfen ya tsage. Wasu sukan sa maganaɗisu su barbaɗa garin ƙarfe, garin ya taru a bakin tsagar. Tsohuwar dabarar ma'aikatan jirgin ƙasa ta fi sauƙi: a jiƙa ƙarfen da mai da aka sirka da kananzir, a goge shi ƙal, a shafa alli, a ƙwanƙwasa da guduma. Man da ya ɓuya cikin tsaga zai fito ya ɓata allin.

Wannan ba ta fi ƙarfin bakanike a Mai Wurno, Singa ko Maraɗi ba, domin kananzir da alli ba su da tsada. Lorin da ta yi shekara 40 tana bin hanyoyin laka na Gezira, da lodin da ya wuce ƙima, ta tara miliyoyin zagaye, kuma kowane buhun da aka ƙara yana rage kwanan ƙarfen. Idan tsaga ta bayyana a aksil ko cibiyar ƙafa, walda tana rufe ta ne kawai daga ido, gajiyar na nan a ciki. Abin da ya dace shi ne a sauke ƙarfen a sa wani kafin a sake ɗaukar mutane.