ALHAJI ALHASSAN ƊANTATA: FALKEN DA YA HAƊA AYARI DA JIRGIN RUWA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya rarraba arzikinSa a ƙasashe daban-daban domin bayinSa su bukaci juna. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, filin wannan mako zai waiwayi rayuwar wani bawan Allah wanda sunansa ba ya bukatar gabatarwa a ƙasar Hausa, watau marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano. Jama'a da yawa sun san shi da yawan dukiya kawai. Amma abin da ya fi dukiyar cancantar nazari shi ne yadda mutumin da ya taso a tsarin fataucin kaka da kakanni ya shiga hulɗa da manyan kamfanonin Turai, ya fahimci hanyoyinsu, ya ci moriyarsu, bai kuma yar da abin da ya gada ba.

An haifi Alhassan a garin Bebeji ta ƙasar Kano a shekarar 1877. Mahaifinsa, Madugu Abdullahi, Ba'agale ne, Agalawa kuwa mutane ne da suka shahara da fatauci mai nisa, musamman fataucin goro. Mahaifiyarsa ma, wadda aka fi sani da Amarya, 'yar kasuwa ce mai abin hannunta. Yana da shekara kamar takwas Allah Ya yi wa mahaifinsa rasuwa. Daga baya mahaifiyar ta ƙaura zuwa Ankara, babban birnin ƙasar Gana ta yau, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa ne aka sami laƙabin Ɗantata. Allah mai iko: sunan baiwar da ta yi renon maraya shi ne ya zama sunan gidan da ya fi kowane gidan attajirai shahara a Kano.

Gadon da ya samu bai kai shi ko'ina ba. Saboda haka ya taso a makarantar allo kamar sauran almajirai, yana karatu yana 'yan aikace-aikacen da zai ci abinci. A nan ya koyi tattali, ya san darajar abin da aka sha wuya kafin a samu. Da ya kai shekara kamar goma sha biyar sai ya bi ayarin Gwanja domin ya gano mahaifiyarsa, ya riƙo 'yar hajarsa yana sayarwa a hanya. Da ya isa Ankara, uwar ba ta shagwaɓa shi ba. Hannun wani malami ta danƙa shi, ya ci gaba da karatu da neman na kansa har lokacin komawarsa gida ya yi.

Bai daɗe da dawowa ba sai yaƙin Basasa ya ɓarke a Kano a 1893, tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Agalawa na ɓangaren Tukur, shi ne kuwa ɓangaren da aka rinjaya. Aka kama Alhassan da wasu 'yan'uwansa, sai da suka fanshi kansu sannan suka koma gida. Ke nan kafin ya cika shekara ashirin ya ɗanɗana maraici, ya ɗanɗana baƙunci, ya kuma ɗanɗana bauta.

Kafin a gane girman abin da ya yi, ya kamata mai karatu ya san yadda fataucin Gwanja yake a wancan zamani. Goro a kurmin ƙasar Asante yake fitowa, masu cinsa kuwa suna Arewa. Fatake kan tashi daga Kano da rani da jakuna da takarkarai ɗauke da kanwa, da baƙin rini, da kayan fata, su shafe watanni suna tafiya, suna biyan fito a koguna da kuɗin hanya ga sarakunan ƙasashen da suka ratsa. Madugu ne shugaban ayari, jagaba yana gaba, uban dawaki yana taimaka musu. Idan an isa kasuwa irin ta Salaga, falke kan sauka a gidan fatoma, shi ne mai masauki, shi ne tafinta, shi ne mai lamunin baƙo a wurin mutanen gari. A dawowa kuma goro kaya ne mai laulayi: sai an riƙa kwance huhu ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ya ɓaci, ana sake ganye.

Babu kotu guda da ikonta ya game wannan doguwar hanya, babu kuma banki. Abin da ya riƙe cinikin shi ne amana, da ƙa'idojin ciniki waɗanda malaman Malikiyya suka shimfiɗa a littattafai irin su Risala ta Ibnu Abi Zaid. Daga cikinsu akwai ƙirali, watau mutum ya ba wani jari ya yi fatauci, su raba riba bisa kason da suka shirya tun farko. In an yi hasara ba da sakaci ba, mai dukiya ya yi hasarar dukiyarsa, ma'aikaci ya yi hasarar wahalarsa. Akwai wakilci, akwai kuma salam, watau a biya kuɗi yanzu a kan kaya sanannu, da awo sananne, zuwa lokaci sananne. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa kan riga shi isa kowane zango. A wannan makaranta Alhassan ya yi karatun kasuwanci.

To, amma zamani ya riga ya soma juyawa. Ingilishi sun ci Kumasi a 1874, yaƙin cikin gida ya watsa kasuwar Salaga a 1892, sannan Turawa suka shiga Kano a 1903. Waɗansu fatake suka dage a kan tsohuwar hanya har ta mutu a hannunsu. Shi kuwa Alhassan, zamansa na Ankara ya nuna masa jiragen ruwan da ke zirga-zirga a gaɓar teku. Sai ya shiga sahun farko na 'yan Arewa da suka riƙa loda goro a jirgi daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Tafiyar da kan ci watanni ta ƙasa ta koma ta 'yan kwanaki a ruwa, goro ya riƙa isa da sauran ɗanyensa, jari kuma ya riƙa juyawa sau da yawa a shekara maimakon sau ɗaya. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, sai sarƙar ta haɗu tun daga kurmin Asante har kasuwar Kurmi. Ya tare a birnin Kano, ya kafa gida a unguwar Sarari, yana tura shanu Kudu, yana kawo goro da duwatsun ado da yadudduka Arewa.

Jirgin ƙasan nan ya zo da wani sabon al'amari. Masana'antun Turai suna cikin tsananin bukatar mai domin yin sabulu da man shafa wa burodi. Gwamnatin mulkin mallaka auduga ta so manoman Arewa su noma domin masaƙun Ingila, amma manoman ƙasar Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi musu: ta fi kuɗi, ta dace da jigawarsu, in kuma shekara ta yi tsanani ana iya cinta. Sai dai kamfanonin Turawa, duk da kuɗinsu da jiragensu, ba su jin harshen manomi, ba su san ƙauyukansa ba, ba su san wanda za a ba bashi ya biya ba. Dole suka nemi attajiran gari. Mutane irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo su ne suka fara shiga. A 1918 Kamfanin Neja ya nemi Alhassan ya riƙa sayen masa gyaɗa, ya kuwa amsa.

A nan ne basirarsa ta tafiyar da harka ta bayyana. Bai tsaya ƙirƙiro wani sabon tsari ba, tsohon tsarin fatauci ya ɗauko ya ɗora wa sabon aiki. Yaran da ya saba aikawa da goro da tufafi su ne suka zama wakilansa a kasuwannin ƙauye. Yakan ba su kuɗi tun kafin kaka, su kuma su ba na ƙasa da su, har abin ya kai ga manomi. Da an cire gyaɗa sai ta biyo wannan hanya ta dawo, a kan jakuna da raƙuma, zuwa sikeli. Bature yana da takardar yarjejeniya da akawu da littafin lissafi. Bahaushe yana da sanayya da kunya da alkawarin baki. Alhassan ya tsaya a tsakiya, yana cika wa Bature adadin da ya yi alkawari a ranar da ya yi alkawari, yana kuma bi da mutanensa ta hanyar da suka sani. Kowane ɓangare ya ga ba shi da abin da zai maye gurbinsa da shi. Zuwa 1922 ya riga ya wuce dukkan attajiran Kano. Da aka haɗa Kamfanin Neja da wani kamfani aka kafa UAC a 1929, shi ne ya zama babban mai sayen musu kaya. Labarin da ya shahara a kansa na wannan shekara shi ne na ranar da ya kai kuɗin azurfa, kayan raƙuma 20, ajiya a bankin Ingilishi da ke Kano, wanda a yau ake kira First Bank. Sunansa kuma ya haɗu da dalar gyaɗa, irin tulin buhunan da kan kai 15,000 a dala guda, waɗanda suka zama alamar Kano a idon duniya.

Hulɗa da wanda ba Musulmi ba a sha'anin ciniki ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Ƙuraishawa fatake ne masu zuwa Sham da Yaman, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi fatauci da dukiyar Nana Hadiza, ya kuma yi ciniki da Yahudawan Madina. Abin da shari'a ta tsananta a kai shi ne riba, da algus, da tauye mudu, da cin dukiyar mutane ta hanyar ɓarna. Alhassan ya shekara kusan arba'in yana hulɗa da Turawa, amma bai sake shigarsa ba, bai sake zamansa ba. A farkon shekarun 1920 ya tafi aikin Hajji ta jirgin ruwa, ya bi ta Ingila, inda aka gabatar da shi ga Sarki Joji na Biyar. An san shi da sauƙin rayuwa da ƙin almubazzaranci, da taimakon malamai da mabukata. A 1950 aka sa shi cikin majalisar Sarkin Kano, domin a riƙa jin muryar 'yan kasuwa a sha'anin mulki.

Duk da haka, gaskiyar tarihi ta wajabta a faɗi iyakar da tsarin mulkin mallaka ya yanka masa. Komai yawan gyaɗar da ya tara, ba a Kano ake yanke farashinta ba, a kasuwannin Turai ake yankewa. Jiragen na Turawa ne, bankin nasu ne, masana'antun da ke matse mai su ma nasu ne. Lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye daga 1929, farashi ya faɗi warwas, manomin da bai taɓa ganin teku ba ya ji raɗaɗin abin a bukkarsa, ga haraji yana jiransa. A 1940 Alhassan ya nemi izinin saye da fitar da gyaɗa waje da kansa, kafaɗa da kafaɗa da UAC, ba a ba shi ba, duniya tana cikin yaƙi. Sai a kakar 1953 zuwa 1954 ya sami lasisin sayen gyaɗa kai tsaye a madadin hukumar ciniki, watau shekara ɗaya ko biyu kafin rasuwarsa. Ya fi shekara talatin yana aikin da ya fi kowa iyawa, da sunan wani.

Da ciwon ajali ya kama shi, sai ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya da su zauna tare, su riƙe zumunci, kada su bari harkar da ya gina ta wargaje. Allah Ya karɓi ransa ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. Wannan wasiyya ta taɓa wata tsohuwar cuta ta kasuwancin ƙasar Hausa, inda dukiyar attajiri kan watse da zarar an raba gado. Shari'a ta wajabta a ba kowane magaji haƙƙinsa, amma ba ta hana magada su haɗa rabonsu su yi tarayya bisa yardar juna ba. Kamfanin Alhassan Ɗantata da 'Ya'yansa ya ci gaba bayansa. Alhaji Sanusi ya rasu a 1997, Alhaji Aminu kuwa a 2025, aka binne shi a Madina. Alhaji Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

Dalar gyaɗa ita kam ba ta daɗe ba bayansa. Farin farkon shekarun 1970, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, da komawar hankalin ƙasa kan man fetur, su suka share filayen. Wannan ya nuna hatsarin da ke kan al'ummar da ta rataya abincinta a kan haja guda, wadda take sayarwa ɗanya ga mai saye guda. Amma abin da ya ɗaga Alhassan bai tafi tare da gyaɗa ba. 'Yan kasuwar Kwari da Sabon Gari masu zuwa Dubai da Sin a yau suna fuskantar irin tambayoyin da ya fuskanta: yaya za a yarda da mutumin da ba a jin harshensa, yaya za a sa ido a kan wakilin da ke nesa, me za a koya daga baƙo, me kuma ba za a sayar ba ko nawa aka taya. Amsar da rayuwarsa ta bayar ita ce: a san al'adar abokin ciniki, a karɓi sabuwar hanya da wuri in ta fi tsohuwa, a cika alkawari ko da an yi hasara, a kuma yi ƙoƙarin mallakar abin da ya wuce dillanci.

Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya sanya albarka a kasuwanninmu, Ya tsare su daga riba da ha'inci. Amin.