ABRAHAM LINCOLN: SHUGABAN DA YA TSAYA ZAƁE ANA TSAKIYAR YAƘI

Sau da yawa akan yi gardama a kan ko ya dace ƙasar da ke bin tsarin dimokuraɗiyya ta yi zaɓe alhali tana cikin yaƙi. Ingila dai ta ɗage nata a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tun daga zaɓen 1935 ba a sake yin wani ba sai 1945. Amma a Amurka an yi wani shugaba da ya bi wata hanya dabam, watau Abraham Lincoln.

An haife shi ran 12 ga Fabrairu, 1809, a wata bukkar itace a jihar Kentaki. Iyayensa talakawa ne manoma, mahaifiyarsa kuwa ta rasu yana ɗan shekara tara. Duk zaman da ya yi a makaranta bai wuce na shekara guda ba. Da littattafan aro ya koyar da kansa, ya yi aikin faskare da tsaron kanti, har ya zama lauya a jihar Ilinoyi a 1836.

A Nuwamba 1860 aka zaɓe shi Shugaban Ƙasa a jam'iyyar Rifablikan, wadda ba ta yarda a faɗaɗa bautar da baƙar fata zuwa sababbin yankuna ba. Jihohin kudu, masu dogara da bayi wajen noman auduga, suka ce ba su yarda ba. Goma sha ɗaya suka ɓalle, yaƙin basasa ya ɓarke a Afirilu 1861. Ran 1 ga Janairu, 1863, Lincoln ya ba da sanarwar 'yanta bayin da ke yankunan 'yan tawaye.

To, da shekarar 1864 ta kama, lokacin zaɓe ya zo, yaƙi kuwa bai ƙare ba. Jama'a sun gaji da ganin gawa. Jam'iyyar Dimokurat ta tsai da Janar George McClellan, wanda Lincoln ya tuɓe daga shugabancin rundunar yaƙi a 1862, taron jam'iyyar kuma ya nemi a tsai da faɗa a nemi sulhu. Shi kansa Lincoln ya ɗauka zai faɗi. A watan Agusta ya rubuta takarda yana ɗaukar alkawarin haɗa kai da wanda ya kayar da shi don ceton ƙasa kafin ranar rantsarwa. Ya naɗe ta, ya sa ministocinsa suka sa hannu a bayanta ba tare da sun karanta ba.

Duk da haka bai nemi ɗage zaɓe ba. A ganinsa, an shiga yaƙin ne domin waɗanda suka faɗi zaɓen 1860 sun ƙi karɓar hukuncin ƙuri'a. In har tawaye ya hana a yi zaɓe, to 'yan tawaye sun riga sun ci nasara ke nan.

Kun san wahalar mai son jefa ƙuri'a yana nesa da gida. Saboda haka jihohi da yawa suka yi doka sojoji su jefa tasu a sansani, inda babu dokar kuwa aka ba waɗansu hutu su koma gida. Sai ga shi farkon Satumba garin Atlanta ya faɗa hannun Janar Sherman, zukatan mutanen arewa suka ƙarfafa. Aka yi zaɓe ran 8 ga Nuwamba. Lincoln ya sami kashi 55 cikin 100, da wakilan zaɓe 212, McClellan kuwa 21. Mafi yawan sojoji Lincoln suka zaɓa, ko da yake sun san ci gaba da yaƙi suka zaɓa wa kansu.

Zaɓen bai rasa aibu ba. Jihohin tawaye ba su shiga ba, mata ba su da ƙuri'a, haka ma akasarin baƙar fata, gwamnatinsa kuma ta tsare mutane da dama ba tare da shari'a ba. Amma fa'idarsa ta bayyana nan da nan. Da ƙarfin wannan ƙuri'a ya shawo kan majalisa a Janairu 1865 ta amince da gyaran tsarin mulki na 13, wanda ya haramta bauta a duk faɗin ƙasar.

Ran 9 ga Afirilu, 1865, Janar Lee na 'yan tawaye ya miƙa wuya, bayan yaƙin ya ci rayuka fiye da 600,000. Kwana biyar bayan haka wani ɗan wasan kwaikwayo, John Wilkes Booth, ya harbi Lincoln a gidan wasa na Ford a Washinton. Ya cika washegari da safe, yana da shekara 56.

Abin lura a nan shi ne, yin zaɓe cikin yaƙi ya yiwu a Amurka domin galibin faɗan a kudu ake yi, garuruwan masu zaɓe suna zaune lafiya. Ba kowace ƙasa ke samun haka ba. Amma shugaban da ya ga alamar faɗuwa, kuma ya bar jama'a su yanke hukunci, ya cancanci a tuna da shi.