Sarki Erekle Na Biyu Da Ƙarshen Mulkin Gidan Bagarationi A Gabashin Jojiya

Ƙasar Jojiya tana cikin duwatsun Kokasas, tsakanin Rasha da Turkiyya da Farisa. Gidan sarautar da ya fi daɗewa yana mulkinta shi ne gidan Bagarationi. Daga wannan gida ne aka sami Bagarat na Uku, wanda ya haɗa ƙasar wuri guda a shekarar 1008, da Dauda na Huɗu, wanda ya ƙwato birnin Tibilisi a 1122, da kuma Sarauniya Tamar, wadda ta yi mulki daga 1184 zuwa 1213. Amma a ƙarshen ƙarni na goma sha biyar sai daular ta rabu gida uku, watau Kartili da Kaketi da Imereti, kowace da nata sarki daga zuriyar nan.

An haifi Erekle a garin Telabi a 1720. Mahaifinsa shi ne Temuraz na Biyu, sarkin Kaketi, mahaifiyarsa kuwa 'yar sarkin Kartili ce, saboda haka ya gaji sarauta gaba da baya. Tun yana saurayi ya bi Nadir Shah na Farisa zuwa yaƙin Indiya, ya ga yadda manyan sarakuna ke sarrafa mayaƙa. A 1744 Nadir Shah ya ba Temuraz sarautar Kartili, ya naɗa Erekle a Kaketi. Da uban ya rasu a 1762, sai ɗan ya haɗa ƙasashen biyu a hannunsa.

Erekle bai sami hutu a kan gado ba. Mahara daga Dagestan suna ta kai hari suna kama bayi, Turkawa kuma suna yamma. A 1770 ya ci Turkawa a yaƙin Aspinza, ko da yake sojojin Rasha da suka zo taimakonsa sun janye suka bar shi. Ya kafa rundunar soja ta karɓa-karɓa, ya buɗe makarantar ilmi mai zurfi a Telabi a 1782.

Babban al'amarin rayuwarsa shi ne yarjejeniyar Giyorgiyebski ta 1783. A cikinta ya yarda da kāriyar Sarauniya Katarina ta Rasha, ita kuwa ta ɗauki alkawarin tsare ƙasarsa da barin sarauta a gidansa. Sai dai a 1787 Rasha ta kwashe sojojinta. A 1795 Aga Muhammad Khan na Farisa ya zo da runduna mai yawa, ya karya Erekle a yaƙin Kirtsanisi, ya ƙone Tibilisi, ya tafi da dubban mutane bayi. Tsohon sarki, yana da shekara 74, ya tsira da ƙyar zuwa cikin duwatsu.

Ya rasu a Telabi a 1798, aka binne shi a Mitsketa. Ɗansa Giyorgi na Goma Sha Biyu ya gaje shi, amma ya rasu a ƙarshen 1800. A 1801 Rasha ta shafe sarautar, ta mai da ƙasar lardinta. An gudu wa gara, an tarar da zago.

Duk da haka, ba a ga laifin Erekle kai tsaye ba, domin ya nemi majiɓinci ne don ƙasarsa ta tsira. Kuskuren da aka samu shi ne alkawarin ba shi da mai tilasta cika shi in ban da wanda ya ɗauka.