Sheikh Abubakar Gumi: Malamin da Bai Nisanci Jama'a Ba

A garin Gummi aka haifi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, kuma a gaban mahaifinsa, alƙalin garin, ya fara karatu. Ya koyar a Maru, ya ƙaro ilimi a Sudan, ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962. A shekarar ce shi da Sardauna suka assasa Jama'atu Nasril Islam. Girman muƙami bai raba shi da talakawa ba. A Masallacin Sultan Bello na Unguwar Sarki, Kaduna, ya riƙa fassara musu Alƙur'ani da Hausa. Ya rasu a Landan a 1992. Mu da muke kulle masallatan unguwanninmu da an sallame, lallai mu mayar da su majalisun ilimi da zumunci. Allah Ya jiƙansa.