Rupert East

Rupert Moultrie East (an haife shi a shekarar 1898, ya mutu a shekarar 1975) Baturen Ingila ne, jami'in ilimi kuma marubuci, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya zamanin mulkin mallaka. An fi saninsa da jagorancin Hukumar Talifi ta Zariya, da kuma littafin Jiki Magayi wanda suka rubuta tare da John Tafida Umaru.

Aiki a Arewa

East ya yi karatu a Jami'ar Oxford kafin ya shiga sashen ilimi na gwamnatin Arewa. Ya zauna a ƙasar Tibi, ya koyi harshensu, har ya fassara tarihin da Akiga Sai ya rubuta zuwa Turanci, aka buga shi a shekarar 1939. Daga baya aka ba shi riƙon Hukumar Fassara, wadda ta koma Hukumar Talifi a Zariya. A lokacin makarantun boko na yaye ɗalibai, amma littattafan Hausa da za su karanta bayan sun fita ba su taka kara sun karya ba.

Gasar 1933

Don cike wannan giɓi, East ya zagaya garuruwa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai. Abin bai zo da sauƙi ba, domin malamai da yawa sun ɗauki rubutu a matsayin abin addini da tarihi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi.

Jiki Magayi

Labari ne na soyayya da ramuwar gayya. Wani attajiri, Malam Shehu, ya yi amfani da dukiyarsa ya aure Zainab, budurwar da Abubakar yake so. Abubakar ya shiga duniya neman asiri, ya jefi ɗan da suka haifa, Kyauta. Yaron ya tashi ɓarawo, har ya yi ajalin mahaifinsa ba tare da ya sani ba. Littafin ya bambanta da sauran domin zarensa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kuma yana riƙe mai karatu cikin fargabar abin da zai biyo baya.

Gaskiya Ta Fi Kwabo

A shekarar 1936 East ya kawo Abubakar Imam Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce. A watan Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta. A shekarar 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, East ne shugabansa na farko. Shi da Imam sun kuma rubuta Ikon Allah, littafin kimiyya da Hausa.

Tasiri

Manazarta suna yaba masa wajen daidaita rubutun boko da kafa harsashin zube. Wasu kuma suna ganin hannunsa ya yi nauyi wajen gyara ayyukan marubutan, kuma fifita boko da hukumarsa ta yi ya rage wa ajami kasuwa. Har yau ana nazarin littattafan biyar a sassan Hausa na jami'o'i.