Dennis Ritchie

Dennis MacAlistair Ritchie (9 ga Satumba, 1941 – Oktoba 2011) masanin kimiyyar kwamfuta ne ɗan ƙasar Amurka. Shi ya ƙirƙiro harshen kwamfuta mai suna C, kuma tare da abokin aikinsa Ken Thompson suka gina babbar manhajar Unix. Abokan aiki sun fi saninsa da dmr, sunan da yake shiga kwamfuta da shi a Bell Labs. Har yau da C ake rubuta ƙashin bayan Linux da na wayoyin Android.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a Bronxville da ke jihar New York. Mahaifinsa, Alistair Ritchie, ya daɗe yana aikin bincike a Bell Labs. Tun Dennis yana yaro iyalin suka koma Summit a jihar New Jersey, a can ya yi sakandare. Ya karanci kimiyyar lissafi da ta fiziks a Jami'ar Harvard, ya kammala digirin farko a 1963. A 1968 ya kare kundin digirinsa na uku, amma ba a ba shi digirin a hukumance ba, domin bai miƙa wa ɗakin karatun jami'ar kwafin da aka ɗinke ba. Sai a 2020 aka fito da kwafin kundin.

Unix da C

Ritchie ya kama aiki a Bell Labs a 1967, lokacin da ake fama da wani babban shiri mai suna Multics. Da kamfanin ya janye daga shirin a 1969, Thompson ya samu wata tsohuwar kwamfuta PDP-7, ya fara rubuta ƙaramar manhajar da ta zama Unix. Ya kuma rage harshen BCPL na Martin Richards ya fitar da harshen B. Da suka samu PDP-11 sai gazawar B ta bayyana, domin bai bambanta harafi da lamba ba, na'urar kuwa ta bambanta. Ritchie ya yi ta gyara shi, musamman a 1972, har ya zama sabon harshe. A 1973 aka sake rubuta zuciyar Unix da C, abin da ya ba da damar ɗauke ta daga wata na'ura zuwa wata ba tare da an sake ta daga tushe ba. A 1978 shi da Brian Kernighan suka wallafa littafin The C Programming Language, wanda ya zama ma'aunin harshen kafin hukumar ANSI ta daidaita shi a 1989.

Jerin haruffa da sifilin ƙarshe

Daga cikin shawarwarin da aka yanke a waɗannan shekaru, wadda ta fi barin baya da ƙura ita ce yadda C ke ajiye rubutu. BCPL yana rubuta tsawon jerin haruffa a farkonsa. B ya sauya, ya riƙa sa alama a ƙarshe, C kuma ya gaji wannan, ya mai da alamar bayit mai darajar sifili. A muƙalar tarihin harshen da ya rubuta a 1993, Ritchie ya kawo dalili biyu: gurbin da ake rubuta tsawon ƙarami ne, yana taƙaita yawan haruffa, kuma sun ga alamar ƙarshe ta fi sauƙin aiki. A na'urar da ƙwaƙwalwarta ba ta wuce 'yan dubban bayit ba, dalilin yana da ƙarfi.

Sai dai abin da ake kira jerin haruffa a C adireshin harafin farko ne kawai. Shirin zai yi ta karantawa har ya tarar da sifili. Idan babu sifilin, ya zarce cikin abin da ba nasa ba. Idan aka zuba rubutu mai tsawo a ƙaramin gurbi, ya malala kan maƙwabta. Ta irin wannan kafa tsutsar Morris ta shiga kwamfutoci a 1988, ta hanyar umarnin gets wanda ba ya duba tsawo. Ba a cire gets daga ƙa'idar C ba sai a 2011. A 2019 Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na raunukan tsaron da yake toshewa daga kuskuren sarrafa ƙwaƙwalwa suke.

Inda C ke haɗuwa da harsuna masu kwashe shara

Tun kusan 1959 John McCarthy ya ɓullo da wata hanya dabam a harshen Lisp: wani ɓangare na manhajar ne ke bin ƙwaƙwalwa yana kwashe abin da aka gama amfani da shi. Java da Python da Go da C# duk suna da irin wannan mai kwashe shara, kuma suna riƙe tsawon rubutu tare da shi. Amma idan za su buɗe fayil ko su yi amfani da tsohon ɗakin ajiyar umarni, dole su miƙa rubutun ga shirin da ke bin ƙa'idar Ritchie. Hatsarin yana nan. Mai kwashe shara bai san abin da C ke riƙe da shi ba. Yana iya share rubutun, ko a wasu harsunan ya matsar da shi wani wuri, alhali C yana riƙe da tsohon adireshi, sai ya karanta abin da wani ya ajiye a gurbin.

Shi ya sa C# ke da umarnin fixed da ke kafe abu a wurinsa har a gama. Go kuwa, wanda Thompson da Rob Pike na cikin masu ƙirƙirarsa, yana kwafe rubutun da C.CString zuwa ƙwaƙwalwar C ya ƙara sifili, sannan ya bar wa mai shirin nauyin sakin wurin. Idan ya manta ƙwaƙwalwa ta yi ta zurarewa, idan ya saki da wuri an koma gidan jiya. Akwai kuma sifilin da ke tsakiyar rubutu, wanda Java ke ɗauka a matsayin harafi kamar kowane, C kuma ya ɗauka nan ne ƙarshe. A 2009 Moxie Marlinspike ya nuna yadda za a yaudari manhajojin shiga intanet da takardar shaidar tsaro mai sifili a tsakiyar suna. Java yana kauce wa wannan ta rubuta sifilin ciki da bayit biyu idan zai miƙa rubutu.

Mai rubuta Hausa ma abin ya shafe shi. A tsarin UTF-8, wanda Thompson da Pike suka tsara a 1992 don Plan 9, haruffan ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu yake ci. Kalmar ƙasa haruffa huɗu ce, amma bayit biyar, da sifilin ƙarshe shida. Wanda ya ware gurbi da ƙidayar haruffa ya riga ya gaza.

Ba adalci ba ne a ɗora wa Ritchie duka laifin, domin ya tsara C ne don 'yan tsirarun ƙwararru a ɗakin bincike guda, kafin intanet ta haɗa kowace na'ura da baƙi. Shi kansa daga baya ya jagoranci sashen da ya fitar da Plan 9 da Inferno, kuma harshen Inferno, wato Limbo, yana da mai kwashe shara.

Lambobin yabo

Ya samu lambar Turing tare da Thompson a 1983, da lambar Hamming ta IEEE a 1990. A 1999 Shugaba Bill Clinton ya ba su lambar fasaha ta ƙasa, a 2011 kuma suka samu lambar yabo ta Japan. Ya yi ritaya daga Lucent Technologies a 2007.

Mutuwa

An tarar da gawarsa a gidansa da ke Berkeley Heights, New Jersey, ranar 12 ga Oktoba, 2011, yana da shekara 70. Shi kaɗai yake zaune, kuma ya jima ba shi da lafiya. Rob Pike ne ya fara sanar da rasuwar. Da yake mako guda ke nan da mutuwar Steve Jobs, kafofin watsa labarai ba su ba ta muhimmanci sosai ba. McCarthy ma ya rasu ranar 24 ga wannan watan. An sadaukar da fitowar Fedora 16 da ta FreeBSD 9.0 ga Ritchie.